Allurar tsayar da jini: wa ya ba da izinin gwada ta a kan wanda ke sume?

Abu Hanan ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambaya biyu na kawo wa likitoci da ma'aikatan jinya da ke nan, kuma don Allah a amsa mini yadda zan iya maimaita wa mahaifiyarmu ta gane.

Ta farko, idan aka ce an gwada magani a kan waɗanda suka yi haɗari suna zubar da jini, ta yaya aka nemi yardarsu? Mutumin da aka kwaso daga bakin titi bai san inda kansa yake ba, wa ya sa masa hannu?

Abin da ya jawo maganar, mota ce ta buge ƙanina a kan babur. A waje ba wani babban rauni, sai ƙujewa a kafaɗa da karaya a cinya, amma kafin mu isa asibiti leɓɓansa sun yi fari fat, gumi mai sanyi na karyo masa, ba abin da yake faɗa sai ƙishirwa. Nas ɗin da ta tare mu ko sunansa ba ta tambaya ba, abin da ta fara cewa shi ne, "Ƙarfe nawa abin ya faru?" Da na ce bai kai awa ɗaya ba, sai ta fasa wasu ƙananan kwalabe biyu ta zuƙe, ta sa masa ta jijiya a hankali tana duba agogo. Daga baya aka gano saifarsa ce ta fashe. An yi tiyata, an ƙara masa jini leda uku, yanzu alhamdu lillahi yana cin abinci yana hira.

Da komai ya lafa na tambaye ta allurar. Ta ce sunanta tiraneksamik, su suna ce mata TXA, kuma an gwada ta a kan mutum dubu ashirin da suka yi haɗari, har da a nan Najeriya. Don hankalina ya kwanta ta faɗa, amma ni haifaffen Kano ne, da na ji an ce gwaji sai gabana ya faɗi.

Ta biyu kuma tambayar Hajiyarmu ce. Ita jini ya taɓa daskare mata a jijiyar ƙafa, har yanzu tana shan maganin tsinka jini. Tana cewa yaya za a yi wa ɗanta allurar da ke daskarar da jini, ba zai toshe masa jijiya kamar yadda ya toshe mata ba?

Likitan Dare ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hanan. Ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Nas ɗin nan ta san aikinta, kuma tambayar da ta fara yi maka ita ce ainihin abin da binciken ya koya mana.

Bari in fara da yadda allurar ke aiki. Idan jijiya ta tsage, jiki yana saƙa wasu zarurruka a bakin raunin su kama ƙwayoyin jini su zama toshi. Amma a cikin jinin nan akwai wani sinadari da aikinsa shi ne narkar da toshin idan ya gama amfani. A mummunan rauni wannan narkarwar takan yi gaggawa a sa'o'in farko, jiki na toshewa tana warwarewa, kamar manomin fadama da ke liƙa laka a ɓarakar kunya ruwa na wanke ta. TXA ba ta ƙara lakar, wankewar take ragewa. Wasu masana 'yan Japan, mata da miji, Utako da Shosuke Okamoto, su ne suka samo ta tun 1962, kuma an daɗe ana amfani da ita a ɗakin tiyata da wajen cire haƙori ga masu ciwon rashin tsayawar jini, kafin a yi tunanin masu haɗari.

Binciken da ta ambata sunansa CRASH-2. Wata makarantar nazarin lafiya da cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan ce ta jagorance shi, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2010. Mutum 20,211 ne, a asibitoci 274 na ƙasashe 40. Kowannensu an yi masa duk abin da aka saba yi, ƙarin ruwa, ƙarin jini, tiyata. A kan haka sai a ƙara allura daga wani kwali mai lamba: rabi TXA ce a ciki, rabi ruwan gishiri, kuma likitan da ke yi bai san wanne ya ɗauka ba. Cikin waɗanda suka samu maganin 1,463 suka rasu, cikin ɗaya rukunin 1,613. Wato kashi 14.5 da kashi 16 cikin 100. Wani zai ce bambancin kaɗan ne. Mutum 150 ne suka koma gida, da allurar da kuɗinta bai kai na ledar jini ɗaya ba.

Shekara guda bayan nan suka sake duba alƙaluman ta fuskar lokaci. Waɗanda aka yi wa cikin awar farko, mutuwa ta zubar jini ta sauka daga kashi 7.7 zuwa 5.3. Tsakanin awa ɗaya da uku akwai amfani amma ya ragu. Bayan awa uku kuwa abin juyawa ya yi, waɗanda suka samu maganin sun fi mutuwa, kashi 4.4 a kan 3.1. Shi ya sa nas ta tambaye ka ƙarfe nawa. Da ka ce da safe abin ya faru kuma ga shi la'asar ta yi, da ba za ta fasa kwalbar ba.

To, maganar yarda. Gaskiya ne, da yawa daga cikinsu ba su sa hannu kafin a yi musu ba. Ƙa'idar duniya ta binciken lafiya, wadda aka fara rubutawa a Helsinki a 1964 aka yi ta gyarawa, ta yarda da haka bisa sharaɗi: ciwon da ya hana mutum magana ya kasance shi ne ainihin abin da ake bincike a kai, ba za a iya jira ba, kwamitin ɗa'a mai zaman kansa ya karanta tsarin ya amince tun kafin a taɓa kowa, sannan da zarar mutum ya farfaɗo ko ɗan'uwansa ya iso a gaya masa, in ya ce a cire shi a cire shi. In akwai ɗan'uwa a wurin, shi ake tambaya. A CRASH-2 akwai ƙarin sharaɗi: idan likita ya tabbata mutumin yana bukatar maganin, ko ya tabbata zai cutar da shi, ba a sa shi a gwajin. Sai wanda likita ya tsaya da gaske bai san wanne ya fi ba.

Ni abin da ya sa nake goyon bayan irin wannan bincike da zuciya ɗaya shi ne abin da ya faru kafin CRASH-2. Shekaru kusan talatin likitoci a duniya suna yi wa wanda ya bugu a kai allurar sitiroyid, bisa tunanin tana rage kumburin ƙwaƙwalwa. Tunanin ya hau hankali, manyan malamai sun koyar da shi. Da aka zo aka gwada, a binciken CRASH na farko, sai da aka dakatar da shi a 2004 bayan mutum 10,008, saboda kashi 21 na masu samun allurar suna mutuwa cikin mako biyu, waɗanda ba su samu ba kashi 18. Haka a 2011, binciken FEAST a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani, ya nuna ɗura musu ruwa mai yawa da sauri a lokaci guda, wanda littattafai suka ce a yi, ya ƙara mace-mace daga kusan kashi 7 zuwa sama da kashi 10 cikin kwana biyu. A lura, yaran nan ba masu amai da gudawa ba ne, su masu amai da gudawa ƙarin ruwa shi ne ransu.

Duk mutanen da aka yi wa sitiroyid cikin waɗancan shekaru talatin, ba wanda ya nemi yardarsu, kuma ba wanda ya ƙirga su. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan kwali mai lamba.

Baba Na Fagge ya rubuta:

Likita, na karanta bayaninka har sau biyu, kuma na gode. Amma yaron nan bai yi laifi ba da gabansa ya faɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ina Kano a 1996, shekarar sanƙarau. Mutum sama da dubu goma suka rasu a Arewa. A Asibitin Zana yara a kwance har ƙasa, iyaye na tsaye a rana. A cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya zo ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara 200, rabi nasa, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce ciwon ne ya yi musu haka, ya ce an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ya ce an yi abin ba bisa ƙa'ida ba, kuma takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, ta bayyana daga baya aka rubuta ta aka mayar da kwanan watan baya. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, sai 2011 iyalai na farko suka karɓi diyya.

Ka lura da hujjar da aka kafa a lokacin: gaggawa ce, ba lokacin dogon bayani. Ita ce dai hujjar da ka kawo yanzu. Ban ce kai da su ɗaya ba ne, Allah ya kiyaye. Amma kwamitin ɗa'an da kake jingina da shi, a wancan karon ma an ce akwai shi.

Kuma ka san abin bai tsaya a kan yara 200 ba. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, ba wannan kaɗai ne dalili ba, amma a kowace majalisa sai ka ji an ambaci Trovan. Yaran da suka shanye bayan nan su ma da su aka biya bashin.

Tambayata ita ce, mutum dubu ashirin ɗin nan, 'yan Najeriyar da ke cikinsu, bayan an gama an buga a mujallar Landan, wa ya dawo ya gaya musu abin da aka samu? Wa ya je gidan rediyo ya faɗa da Hausa ko Yarabanci? Shekara goma sha da wani abu, sai a bakin wata nas ɗana Abu Hanan zai fara ji.

Maman Khalifa, unguwarzoma, ta rubuta:

Sannu Abu Hanan, Allah ya tashi kafaɗunsa. Baba, ina wuni? Ku ba ni dama in sa baki, don mu a ɗakin haihuwa allurar nan kullum tana cikin tirenmu.

Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya. Ita Utako Okamoto da likita ya ambata, saboda wannan ta nemo maganin, amma ta kasa shawo kan likitocin mata na ƙasarta su gwada shi. Ta rasu a 2016, shekara guda kafin a buga binciken WOMAN, wanda aka yi a kan mata 20,060 a asibitoci 193 na ƙasashe 21. Najeriya ce ta fi kowa yawan matan da suka shiga, Pakistan na biye da ita, kuma daga Ibadan aka tafiyar da ɓangarenmu. Mata 155 suka rasu da zubar jini cikin masu samun maganin, 191 cikin ɗaya rukunin. Waɗanda aka yi wa cikin awa uku da haihuwa, mutuwar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2017 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa a yi mata giram ɗaya da wuri, in bai tsaya ba bayan minti 30 a ƙara.

Amma abin da ya fi canza mini aiki ba allurar ba ce, leda ce. Da can da ido muke auna jini. Ka duba zani ya jiƙe, ka duba ƙasa, ka ce ai bai yi yawa ba, sai ka ga mace ta fara hamma tana cewa duhu take gani. Yanzu akwai wata leda da ake shimfiɗa wa mace a ƙarƙashi da zarar jariri ya fito, ƙasanta ya tsuke ya zama aljihu mai zane-zanen ma'auni. Jinin a nan yake taruwa, kina ɗinki kina kallonsa yana hawa. Da ya taɓa layin mililita 500 ba a jiran kowa, kuma ba a bin magani ɗaya bayan ɗaya: a murza mahaifa, a sa allurar tsuke ta, a sa TXA, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, duk a lokaci guda. An gwada wannan tsari a binciken E-MOTIVE, a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 210,000, aka buga a 2023. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya sauka daga kashi 4.3 zuwa 1.6. Inda ake aunawa da ido, kusan rabin masu zubar jinin ba a gane su ba. Baba, wadda ta jagoranci ɓangaren Najeriya 'yar gida ce, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero. Ba kowane bincike ne baƙo ke sauka da shi daga jirgi ba.

A kan yarda kuwa, ga abin da idona ke gani. Lokacin da jini ya ɓalle, mijin ba ya nan. Ya fita neman mai ba da jini ko neman kuɗi. Wadda ke bakin ƙofa kakar jariri ce, hannunta na rawa, in ka miƙa mata takarda dangwala yatsa za ta yi ba tare da ta ji kalma ɗaya ba. Ni ban ɗauki wannan a matsayin yarda ba, ko da kuwa takardar ta cika. Mu muna da abin da likitan haɗari ba shi da shi: mace tana zuwa awo wata da watanni. A nan ya kamata a zaunar da ita a gaya mata ana bincike kaza a asibitin nan, ta je gida ta yi shawara da maigidanta, ta dawo ta ce e ko a'a tana cikin hayyacinta.

Wani abu kuma da ya ƙara mini yarda da mutanen nan: a 2024 suka buga WOMAN-2, mata 15,068 masu ƙarancin jini a Najeriya da Pakistan da Tanzaniya da Zambiya, aka yi musu allurar tun kafin jini ya ɓalle ko za ta hana. Ba ta hana ba, kuma haka suka faɗa. Maganin ƙarancin jini dai tun a awo ake fara shi.

Mai Haɗa Magani ya rubuta:

Abu Hanan, tambayar Hajiya tana da tushe, kada a raina ta. Masu binciken ma abin da suka fi tsoro ke nan, shi ya sa suka ƙirga. A CRASH-2 toshewar jijiya, ko a ƙafa ko huhu ko zuciya ko ƙwaƙwalwa, ta samu kashi 1.7 na masu maganin da kashi 2 na ɗaya rukunin. Ba ƙari ke nan. A WOMAN ma ba a ga ƙari ba.

Amma akwai inda aka gani. Binciken HALT-IT na 2020 ya gwada ta a kan mutum 12,009 masu zubar jini ta ciki, irin masu aman jini saboda gyambon ciki ko ciwon hanta. An ba su giram 4 cikin awa 24, ninki biyu na abin da aka ba masu haɗari. Ba ta rage mutuwa ba, daskarewar jini a jijiyar ƙafa da huhu kuma ta ninka, daga kashi 0.4 zuwa 0.8, jijjiga ma ta ƙaru. Magani ɗaya, ciwo daban, sakamako daban. Don haka ina roƙon jama'a, kada wanda ya karanta wannan zaren ya je kemis ya ce a ba shi maganin tsayar da jini don basir ko aman jini ko al'adar da ta yi yawa, ba tare da likita ya duba shi ba. Mai irin tarihin Hajiya kuwa, duk asibitin da aka kai ta, farkon abin da za a faɗa shi ne tana shan maganin tsinka jini.

Ga 'yan'uwana ma'aikata, abu biyu. A tura ta a hankali cikin minti 10, tura ta da sauri na faɗar da bugun jini. Sannan kada a ajiye ta kusa da allurar kashe zafi ta ƙashin baya a ɗakin tiyata. Kwalaben suna kama, an sha ɗaukar wannan a maimakon waccan a ƙasashe da dama, kuma in ta shiga ƙashin baya sau da yawa rai ake rasawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan haka a 2022.

Likitan Dare ya rubuta:

Baba, ranka ya daɗe. Ba zan yi jayayya da abin da ka faɗa ba, kuma zan ƙara maka wani abu don kada ka ji shi a wani wuri: Pfizer na cikin waɗanda suka sa kuɗi a CRASH-2 da WOMAN, tare da hukumomin lafiya na Ingila da wasu gidauniyoyi. An rubuta haka a jikin rahotannin.

Bambancin da nake gani shi ne, Trovan sabon magani ne da kamfani ke neman lasisin sayarwa, aka zo aka yi cikin 'yan makonni aka tafi. TXA tsohuwa ce, kowane kamfani na iya yin ta, an san illolinta shekara arba'in kafin gwajin. An wallafa tsarin binciken kowa ya gani kafin a fara, kuma akwai wani kwamiti daban da ke leƙa alƙaluma ana cikin aiki, mai ikon cewa a tsaya. Irinsa ne ya tsayar da gwajin sitiroyid da na FEAST. A nan gida kuma bayan abin da ya faru a Kano an kafa kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da kundin ƙa'idojinsa, Dokar Lafiya ta 2014 ta ba shi ƙarfi, kuma ba a gwada magani sai da izinin NAFDAC. Na san takarda ba ta tsare kowa in mutanen da ke riƙe da ita ba su da amana, a nan kam ba ni da abin ce maka sai dai a ci gaba da sa ido.

Dalilin da ya sa ba na son a ce dole sai an jira sa hannu: a gwajin sitiroyid ɗin nan an lura asibitocin da suka wajabta takardar ɗan'uwa suna makara da sama da awa guda kafin su fara magani. Da aka haɗa alƙaluman CRASH-2 da WOMAN kuma, an ga duk jinkirin minti 15 yana cinye kashi 10 na amfanin allurar. Amma tambayarka ta ƙarshe ta kama mu. Wanda ba a iya tambayarsa a kan gadon asibiti ba, ana iya tambayar unguwarsa tun yana lafiya, ta bakin mai unguwa da limami da shugabannin tasha, kuma in an gama a dawo a faɗi abin da aka samu. Ba mu cika yin haka ba, kuma hakki ne a kanmu.

Abu Hanan, ka gaya wa Hajiya allurar ta fita ta fitsari tun kwanan farko. Abin da za a tsare wa ƙaninka yanzu shi ne kwanciya, don karayar cinya da tiyata da rashin motsi su ne ke daskarar da jini a ƙafa. Ya riƙa motsa tafin ƙafa, ya tashi da zarar an ba shi izini, in an rubuta masa allurar tsinka jini kada a tsallake. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko numfashi ya sarƙe masa farat ɗaya, ko ƙirji ya soke shi, a kira likita a lokacin. Kuma tunda an taɓa saifa, ku tambaya ko cire ta aka yi. In an cire, akwai rigakafin da zai karɓa, kuma zazzaɓi a wurinsa ba abin jira ba ne, musamman na cizon sauro.

Baba Na Fagge ya rubuta:

Na ji, Likita, kuma faɗin gaskiyar da ka yi a kan kuɗin ya ƙara maka daraja a idona. Ni dai sharaɗina yana nan: a zo a gaya mana tun muna tsaye da ƙafafunmu, kuma a kwamitin nan a sa mutumin unguwa wanda ba albashin asibiti yake ci ba.

Abu Hanan ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Hajiya, na kuma tambaya, cire saifar aka yi, sun ce za su yi maganar rigakafin kafin sallama. Likita, abokan aikinsa masu babura sun ce in tambaya, in irin wannan ta faru a gabansu me za su yi kafin a kai asibiti?

Likitan Dare ya rubuta:

Wani ya duba agogo ya riƙe lokacin. In jini na fita a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa, kada a zuba ƙasa ko man birki. Kada a ba shi ruwa ko da yana roƙo, don wataƙila tiyata za a shiga. A ɗauke shi a kwance, kai da wuya a miƙe, a rufa masa wani abu kada ya yi sanyi. Wanda ya yi fari yana gumi bayan buguwa a ciki, ko ba ɗigon jini a jikinsa, a wuce da shi asibitin da ke da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini, kada a tsaya kemis ko wurin mai ɗori. Mutum biyu ko uku da za su iya ba da jini su bi bayansa. Su kuma sani Dokar Lafiya ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, kuma tun 2017 akwai dokar da ta ce ko harbin bindiga ne a fara magani ba sai an kawo takardar 'yan sanda ba.